Amsa ga 'yar'uwar da ke son ajiye metotirekset

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Kin ce likita ya tabbatar miki da amosanin gaɓɓai irin na rumatoyid, ya ɗora ki a kan metotirekset, ga shi kin kusa wata guda kina sha ba ki ga komai ba sai tashin zuciya. Sannan kin warware takardar cikin kwalin kin ga ashe maganin ciwon daji ne, shi ya sa kike tambaya ko ki ajiye shi ki koma wa magungunan kashe zafi da kika saba. Ni ba likita ba ce, amma ciwon nan shekara da shekaru muke tare, kuma maganin nan nake kai har yau. Ciwon da ya zauna wa mutum a jiki dole ya sa shi karatu, to ga abin da na sani.

Kar ki ajiye shi da kanki. Duk sauran bayanin da zan yi, dalilan wannan maganar ne.

Takardar ba ƙarya ta yi miki ba. Asalin maganin daga fagen daji ya fito. A ƙarshen shekarun 1940 wani likita a Boston ta Amurka, Sidney Farber, ya gwada wani magani ɗan'uwan metotirekset mai suna aminofterin a kan yara masu dajin jini, daga baya metotirekset ya maye gurbinsa. Tun 1951 wasu likitoci suka lura aminofterin ɗin yana kwantar da kumburin gaɓɓai, amma aka daɗe ana ɗari-ɗari, saboda irin wannan tsoron naki. Sai a shekarun 1980 aka yi gwaje-gwaje na tsanaki, inda ake ba wasu maganin wasu kuma ƙwayar da babu komai a ciki, ba tare da kowa ya san wadda ya samu ba. Wanda aka fi ambata shi ne na Michael Weinblatt da abokan aikinsa a 1985. A 1988 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi don ciwonmu, kuma yau ƙungiyoyin likitocin gaɓɓai na Turai da na Amurka duk shi suke cewa a fara da shi.

Bambancin yana wurin yawa. Mai ciwon daji akan ɗura masa ɗaruruwa ko dubban miligiram ta jijiya a asibiti. Mu kuwa daga miligiram 7.5 zuwa 25 ne, a mako guda cur. Da wancan yawan, maganin yana hana ƙwayoyin jiki amfani da sinadarin folet, sai su kasa hayayyafa. Da namu ɗan kaɗan ɗin, binciken Bruce Cronstein a New York da na wasu ya nuna yawancin amfaninsa ta wata hanya yake zuwa: yana sa jiki ya saki wani sinadari, adenosin, wanda ke lallashin garkuwar jikin da ta juya tana yaƙar gaɓɓanmu. Shi ya sa ake haɗa mu da folik asid, wato ƙwayar folet ɗin nan, ya rage illa, kuma amfanin bai tafi ba.

Batun ba ki ga canji ba, wata guda ya yi kaɗan. Maganin a hankali yake taruwa a cikin ƙwayoyin jiki, yawanci sai mako 6 zuwa 12 ake fara jin sa, kuma da ƙaramin awo ake farawa ana ƙarawa. Ni ban ma san ranar da ya fara aiki ba. Da can idan na tashi da asuba hannuna a sandare yake, ba na iya dunƙule shi har rana ta ɗaga, murfin gorar ruwa sai na nemi mai buɗe mini. Wata safiya na tsinci kaina ina matse tsumma da hannu biyu, sai da na gama na tuna ai na daɗe ban iya hakan ba. Haka yake zuwa, ba sallama. Saboda wannan jiran ne likitoci da yawa suke haɗawa da firedinisolon, wani maganin kumburi mai saurin aiki, na ɗan lokaci, a janye shi idan metotirekset ya kama. Ƙa'idar likitocin Turai ita ce, a wata 3 a ga sauƙi na a-zo-a-gani, a wata 6 ciwon ya kwanta ko ya kusa. In ba haka ba a sake shiri. Kin ga ke ko rabin zangon farko ba ki kai ba.

Komawa ga masu kashe zafi kaɗai shi ne abin da na fi ji miki tsoro. Irin su ibufurofen da dikulofenak suna rage zafi, ba musu, amma ba sa taɓa ɓarnar da ke gudana. Ciwon nan kamar gara yake, tana cin katako ta ciki alhali waje sumul. Hotunan ƙashi sun nuna zaizayar takan fara tun a shekara biyun farko, kuma abin da ya zaizaye ba ya dawowa. Yatsuna biyu na hannun dama sun karkace tun kafin a gano abin da ke damuna, har yau a karkace suke duk da kumburin ya kwanta. Ke an gano naki da wuri, kar ki yi wasa da wannan sa'ar.

Yanzu ga inda haɗarin gaske yake, don ba zan ce miki maganin alewa ba ne. Sau ɗaya ake shan sa a mako. Ba kullum ba. An rasa rayuka a ƙasashe da dama saboda mutum ya ɗauka na kullum ne, ko mai ba da magani ya rubuta kuskure, har hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta fito da sababbin matakai a kan wannan a 2019. Abin da ke ƙara rikita mutane, ƙwayar metotirekset 'yar ƙarama ce rawaya, folik asid ma sau da yawa 'yar ƙarama ce rawaya. Ga kuma ƙwaya mai miligiram 2.5 da mai miligiram 10, wanda ya saba haɗiyar shida na ƙaramar idan aka canza masa zuwa babbar bai lura ba, ya sha ninki huɗu ke nan. Ki zaɓi rana guda, ki rubuta ta da manyan baƙaƙe a jikin kwalin, ki raba wurin ajiyarsu, duk sanda kika karɓo sabo ki duba lambar da ke jiki. Wani a gidan ma ya san ranar. In kuwa aka yi kuskure aka sha kwanaki a jere, asibiti za a nufa nan take ko da ba a jin komai, akwai makarinsa, folinik asid, kuma da wuri yake aiki.

Tashin zuciya kuwa kusan kowa ya ɗanɗana. Ni har ta kai ganin launin ƙwayar kaɗai yana tayar mini da zuciya tun kafin na kai ta baki, washegari kuma in wuni jiki a mace, kai a cushe. Tambayar farko: an ba ki folik asid? Wasu likitoci miligiram 5 suke bayarwa sau ɗaya a mako a ranar da ba ta maganin ba, wasu miligiram 1 kullum. Wani nazari na ƙungiyar Cochrane a 2013, wanda ya tattara gwaje-gwajen da aka yi, ya nuna yana rage damuwar ciki, yana rage tashin awon hanta sosai, kuma masu shan sa ba su cika yada maganin ba. Bayan wannan akwai dabaru. Sha da dare bayan an ci abinci, mafi munin ya wuce cikin barci. Likita na iya raba awon gida biyu, safe da dare na rana ɗaya, amma shi zai raba, ba ke ba. Sai allura ta ƙarƙashin fata, wadda mutum ke yi wa kansa a cinya ko a ciki. Idan awo ya haura miligiram 15 hanji ba ya iya tsotse shi duka, kuma wani gwaji da aka yi a Jamus, aka wallafa a 2008, ya nuna allurar ta ɗan fi ƙwaya aiki. Ni allurar ce ta raba ni da tashin zuciya. A ganina mutane da yawa da ake cewa maganin bai karɓe su ba, ba a gwada musu waɗannan ba ne kafin a yanke hukunci.

Awon jini ba na ganin dama ba ne. Kafin a fara akan duba ƙwayoyin jini, hanta, ƙoda, ciwon hanta nau'in B da C, sau da yawa har hoton ƙirji. A watannin farko duk mako 2 zuwa 4, in komai ya daidaita sai duk wata 2 zuwa 3. Hanta da ɓargo ba sa kuka da wuri, a takardar awo ake fara ganin su, a rage yawan maganin ko a dakata tun ba a yi nisa ba. Ta ƙoda maganin ke fita, don haka ranar da amai ko gudawa suka ƙarar miki da ruwan jiki, ki tuntuɓi likita kafin ki sha na makon. Giya ba ta haɗuwa da shi saboda hanta. Akwai kuma maganin ƙwayoyin cuta da ake yawan bayarwa, Septrin, da duk mai tirimetofirim a ciki: haɗa shi da metotirekset na iya durƙusar da ɓargo. Duk wanda zai rubuta miki magani, ko na haƙori ne, ki faɗa masa abin da kike sha. Zazzaɓi, gyambon baki mai yawa, zubar jini ko tabo a fata ba dalili, rawayar ido, ko busasshen tari da sarƙewar numfashi, waɗannan ba a jiran ranar ganin likita, a dakata da maganin a tafi asibiti.

Ba ki faɗi shekarunki ba, to bari in faɗa ko da wata ce za ta amfana. Maganin yana zubar da ciki, yana nakasa jariri. Mai shan sa dole ta yi tsarin hana ɗaukar ciki mai inganci, in tana son haihuwa a tsayar da shi tun kafin ɗaukar cikin, yawanci wata 3, a mayar da ita kan wanda ya dace da mai juna biyu. Ba a shan sa ana shayarwa.

To yana yi wa kowa aiki? A'a. A wani babban gwaji a Suwidin kan waɗanda ciwon bai daɗe da kama su ba, wajen kashi ɗaya cikin uku ne suka samu kwanciyar ciwo da shi kaɗai a watannin farko. Sauran sai da aka ƙara musu wani abu. Abin lura shi ne ƙarawa ake yi a kansa, ba a cika cire shi ba. James O'Dell ya nuna tun 1996 cewa haɗa shi da wasu magunguna biyu, salfasalazin da haidiroksikulorokwin, ya fi shi kaɗai, a 2013 kuma wani gwajin da ya jagoranta ya nuna wannan haɗin ukun bai gaza haɗin metotirekset da etanasef ba, ɗaya daga cikin sababbin alluran nan masu tsada. Su kansu sababbin alluran yawancinsu sun fi aiki idan metotirekset na tare da su, a wasunsu ma yana hana jiki ƙera abin da zai kashe musu ƙarfi. Ko nan gaba aka ce za a ƙara miki wani, wahalar da kika sha ta saba da wannan ba ta tafi a banza ba.

Akwai wani binciken da nake so mutane su riƙa jin sa da kunne biyu. A wani nazari da aka wallafa a 2002 an bibiyi masu ciwonmu fiye da dubu a Wichita ta Amurka, aka ga mace-mace sun ragu sosai a cikin masu shan metotirekset, musamman ta ciwon zuciya. Sai aka ce to bari a gwada shi a kan masu ciwon zuciya da ba su da amosani. An yi, da mutum fiye da 4,700, sakamakon ya fito a ƙarshen 2018, bai rage musu komai ba. Yadda na fahimta, ba maganin zuciya ba ne, kumburin da ke cin gaɓɓanmu shi ke taɓa jijiyoyin jini, kashe shi ne ke kare zuciyar. Masu lissafa illolin magani sukan manta cewa ciwon da aka bari ba magani shi ma yana da nasa lissafin.

Ɗan ƙarin bayani kan rigakafi, tunda maganin yana rage kaifin garkuwa. Bincike a Koriya ta Kudu ya nuna dakatar da shi na tsawon mako 2 da zarar an yi allurar rigakafin mura yana sa rigakafin ya fi kamawa, a Birtaniya ma an ga haka da rigakafin korona a 2022. Shi ma da shawarar likita ake yi, don in ciwon na tashe dakatawar na iya tayar da shi. Rigakafin da ke ɗauke da ƙwayar cuta mai rai kuwa, sai an tambaya tukuna.

Idan ranar komawarki asibiti da nisa, ki nemi a matso da ita. Ki je da kwalin a hannu, ki gaya wa likita tashin zuciyar ya kai ki tunanin dainawa, da wannan lafazin, don in kika ce "da sauƙi" zai ɗauka da sauƙin ne. Kafin nan ki faɗa mana miligiram nawa kike sha, ko an haɗa miki da folik asid, da kuma ko an ɗebi jininki tun da kika fara. Allah ya ba mu lafiya baki ɗaya.