Amsa Ga Yarona Kan Kulle Mota Da Rimot A Ciki

Yarona, jiya ka tambaye ni game da motar nan ƙirar Ford da aka kawo mana, wadda mai ita yake so ya riƙa barin rimot a ciki idan zai shiga ruwa yin iyo. Ka ce duk lokacin da ka danna maɓallin kullewa na cikin ƙofa ka rufe ta, sai motar ta yi hon sau biyu ta sake buɗe kanta, har ka ɗauko sukudireba za ka kwance murfin ƙofar don kana zargin injin kullewa. Na hana ka a lokacin ban yi maka bayani ba, ga shi yanzu.

Motar lafiyarta ƙalau, aikin da aka tsara mata take yi. Akwai ƙananan eriyoyi a cikin ɗakin motar da jikin ƙofofi da wajen but, waɗanda ke aika sigina mai gajeren zango a kan kilohaz 125, rimot kuma ya amsa, galibi a kan megahaz 315 ko 433, gwargwadon ƙasar da aka yi motar dominta. Da wannan tambaya da amsa kwamfutar motar ke gane ko rimot yana ciki ko yana waje. Idan mutum ya kulle daga ciki alhali ƙofa na buɗe, sannan ya rufe ta ga rimot a kan kujera, sai kwamfutar ta ɗauka mantuwa ce, ta buɗe masa don kada ya tsaya a waje yana leƙen makullinsa ta gilas. Da ka kwance ƙofar nan, da ka ɓata yini guda kana neman cutar da babu ita.

Maɓallan lamba da ke jikin ƙofar direba daga waje su ne hanyar da mai mota ke shaida wa kwamfutar cewa da gangan ya bar rimot ɗin. Kamfanin Ford ya fara sa su tun 1980 a motoci irin su Thunderbird da Lincoln Continental, kuma har yau tsarin bai canza sosai ba, sai dai a sababbin motoci an ɓoye su a jikin sandar da ke tsakanin ƙofar gaba da ta baya, ba sa haske sai an taɓa wurin. Maɓallai biyar ne, kowanne da lambobi biyu: 1 da 2, 3 da 4, 5 da 6, 7 da 8, sai 9 da 0. Za ka kashe injin, ka rufe dukkan ƙofofi tukuna, sannan ka danna maɓallin 7 da 8 tare da na 9 da 0 a lokaci guda ka ɗan riƙe. Kullewa ba ta buƙatar lambar sirri. Buɗewa ce ke buƙatar lambobi biyar, waɗanda ke buɗe ƙofar direba, idan kuma ka danna 3 da 4 cikin daƙiƙa biyar sai sauran ƙofofin su buɗe.

A nan nake so ka natsu, domin a nan yara da yawa ke jefa kansu cikin wahala. Kada ka taɓa kulle rimot a motar wani kafin ka gwada lambar da hannunka. Sauke gilashin direba, ka riƙe rimot, ka kulle, ka buɗe da lambar sau biyu ko uku, sai ka ajiye rimot a ciki ka maimaita, gilashin yana ƙasa har yanzu. Mutane da dama sun sayi mota hannu na biyu ba tare da katin lambar kamfani da ke zuwa cikin littafin mota ba, wasu kuma lambar da suka haddace ta tsohon mai motar ce wadda aka riga aka goge. Idan babu katin, ana samun lambar a takardar da ke manne a jikin kwamfutar da ke kula da ƙofofi a motoci da yawa, ko a karanto ta da na'urar bincike. Kuma kada ka tsaya kana cankar lambobi, domin bayan kuskure bakwai a jere maɓallan kan daina amsawa na minti ɗaya. An yi haka ne saboda maɓalli biyar a gurbi biyar haɗuwa 3,125 kawai suke bayarwa, ba dubu ɗari ba kamar yadda mai kallon lambobi goma zai zata.

Sauran abubuwa biyu kuwa haƙƙin mai motar ne a kanka, dole ka faɗa masa ko bai tambaya ba. Na farko, muddin rimot yana ciki, wanda ya taɓa hannun ƙofa daga waje ba zai iya buɗewa ba, amma wanda ya fasa gilas ya shiga yana iya taka birki ya danna maɓallin tayarwa, injin ya tashi, domin motar na jin rimot ɗinta a ciki. Wasu motocin kan kashe aikin rimot ɗin da aka kulle a ciki, wasu sababbin rimot kuma kan yi barci idan sun jima ba su motsa ba, amma ni ba na dogara da wannan sai na gwada a kan motar da ke gabana. Shawarata ita ce ya sa rimot a jakar toshe sigina ko ƙaramin gwangwanin ƙarfe mai murfi, ya ɓoye inda ido ba ya kaiwa, kai kuma ka tabbatar masa ta hanyar danna maɓallin tayarwa ya ga motar ta ce ba ta ga makulli ba.

Na biyun ya fi damuna, saboda na sha ganinsa. Maɓallan nan da injin ƙofofi duk a batirin mota suke cin wuta, idan ya mutu lambar sirri ba ta da amfani. Ƙaramin makullin ƙarfen da zai buɗe ƙofar a irin wannan hali kuwa yana cikin jikin rimot, rimot kuma yana cikin motar. An taɓa kirana a kan wata mota da ta yi mako uku a ajiye a haka, sai da muka sha fama kafin muka shiga ba tare da ɓata robar ƙofa ba. Saboda haka kafin ka miƙa masa motarsa gobe, ka auna batirin, idan ya gaza bolt 12.4 bayan ya huta ka gaya masa ya yi caji ko ya canza. Sannan ka zare masa makullin ƙarfen daga rimot, ka nuna masa inda ramin makullin yake a hannun ƙofar direba, wanda a wasu motocin yake ɓoye ƙarƙashin murfin roba, ka sa ya buɗe da shi sau ɗaya a gabanka, ya rataya shi a wuyansa idan zai shiga ruwa.