OPEN EVERYDAY ko OPEN EVERY DAY: wanne za a sa a allon shago?

Yaro, ka ce mai gidan abincin nan ya kawo takarda an rubuta OPEN EVERYDAY, kana tambaya ko a buga yadda ya kawo ko a raba kalmar. A raba ta. Nufinsa yana buɗewa kullum, kuma "kullum" a Turanci kalma biyu ce, every day, da fili a tsakani.

Wadda take a haɗe, everyday, aikinta daban. Sifa ce, ma'anarta "na yau da kullum", kuma sai ta jingina da wani suna da ke biye da ita: everyday clothes, wato kayan sawa na zaman gida, ba na sallah ba; ko for everyday use da kake gani a jikin robar man shafawa. To a allon mutumin nan me ya biyo bayanta? Babu komai. Nan za ka gane ba wurinta ba ne.

In ka yi kokwanto, cusa kalmar single a tsakiya ka karanta da ƙarfi. Open every single day ya zauna daram, don haka a rabe take. Every single day clothes kuwa ko a baki bai hau ba, don haka wannan a haɗe za a bar ta. Kada ka ce kwamfuta za ta nuna maka. Jan layin nan yana fitowa ne in kalma ba ta cikin ƙamus, ita kuwa everyday tana ciki, sai ta wuce salin alin. Kuma kada ka raba gardama da ɗan karan tsakiya ka rubuta every-day, ba ka gyara komai ba.

Saura aikin hannu, inda aka fi yin ɓarna. Sau da yawa an rubuta daidai, amma da aka zo matse rubutu a manhajar zane ta CorelDraw don ya shiga faɗin bana, wato ƙyallen talla da ake bugawa a inji, sai filin ya tsuke. Ga harafin Y na ƙarshen EVERY da hannuwa a buɗe, ƙasansa dama fili ne, don haka ɗan ƙaramin tazara tsakaninsa da D ba ya nuna wa ido cewa kalma ta ƙare. Ba shi fili kamar faɗin harafin E guda. In tsayin haruffan inci 6 ne, kada tazarar ta gaza inci 3. In allon fenti ne, fara zanawa da alli, ka ja baya taku goma ka karanta kafin ka tsoma buroshi.

In wuri ya ƙi, sa OPEN DAILY. Daily harafi 5 ce maimakon 8, ma'ana ɗaya, ba kuma maganar rabawa. Amma fara tambayarsa ko da gaske yana buɗewa ranar Lahadi. In yana hutu, Mon - Sat za a rubuta, don kada mutane su zo su tarar da kwado a ƙofa.

Kada ka gyara a ɓoye. Tura masa samfurin ta WhatsApp, ka ce "Alhaji, an raba kalmar nan saboda kaza," ka jira amincewarsa. In ya kafe sai yadda ya kawo, yi masa, amma adana takardarsa da saƙonsa. Bana in ta fito daga inji ba ta gyaruwa. In ka liƙa sitika a kai, facin zai nuna, ƙarshenta a sake bugawa da kuɗinmu.

Akwai 'yar'uwarta da za ka riƙa gani a takardun masu kawo aiki: everytime. Wannan kam raba ta duk inda ka same ta, every time.