Kullum buga rubutun wasu nake yi: in bar aikin ne?

Tambaya: Malam, shekara uku ke nan ina buga wa ɗalibai furojet a wani shagon kwamfuta a Samaru. Kullum abu ɗaya, har na gaji. Ƙawata tana zana katunan biki, kowa na cewa aikinta na basira ne. Me ke sa aiki ya zama na ƙirƙira? In bar nawa ne?

Amsa: 'Yar'uwa, sunan sana'a ba shi ke sa ta zama ta ƙirƙira ba. Na sha ganin masu zanen katin da suka shekara suna canza sunan ango da amarya a kan zubi guda, su ma gajiyar nan taki suke yi. Abin dubawa shi ne, a cikin aikin akwai wurin da ke za ki ce ga yadda za a yi, kuma in an gama ki ga hannunki a ciki?

Shiga cikin birnin Zariya ki zauna wajen masu ɗinkin hannu na babbar riga. Zanen ɗinkin aska takwas aska takwas ne tun zamanin kakanni. Amma tsohon maɗinki zai ɗaga riga ya juya bayanta, ya shafa da babban yatsa, ya gaya miki ko gwani ne ya yi ko ɗan koyo, daga yadda aka ja zare da yadda tambari ya zauna. Haka Babban Gwani Muhammadu Durugu, da ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a shekarun 1830 zamanin Sarki Abdulkarim. Ƙasa ce da azara, kayan da kowane magini ke da su. Matsalar da ke gabansa ita ce azara ba ta da tsawon da za ta rufe fili mai faɗi, sai ya jera ta hawa-hawa a cikin bakan gizo har rufin ya tsaya. Matsala ce ta fito da gwanintar.

To a shagonku fa? Ɗalibin Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) ya kawo miki rubutun hannu mai karce-karce, jadawalinsa a karkace, malaminsa ya dawo masa da shi sau biyu. In mai shago ya bar ki ki tsara shafin, ki gyara jadawalin, ki nuna wa yaron inda lambobin shafi suka rikice, kina da fili, ba ki dai shiga ba ne. Ki koyi Excel da CorelDRAW a lokacin hutun makaranta da kasuwa ke sanyi. In kuwa doka ita ce buga abin da kika gani ki yi shiru, gajiyarki tana da dalili, ba rashin godiya ba ce.

Sai maganar kuɗi, wadda masu ba da shawara kan tsallake don kunya. Wanda albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata ba zai ji daɗin aiki ba ko da zane yake yi, don haka ki tambayi kanki ko aikin ne ya ishe ki ko kuwa abin da ake biyanki.

Kada ki ajiye aikin yanzu, guntun gatarinki ya fi sari ka ba ni. Ki roƙi ƙawarki ta ba ki katin biki ɗaya ki yi daga farko har ƙarshe, har da jure wa uwar amarya in ta ce a canza launi sau huɗu. Bayan wata uku ki sake rubuto mini wanne ne a cikin biyun ya sa kika manta da duba agogo.