Daga Vadodara zuwa Pavagadh a yini ɗaya

Malam, ka tambaya ko yini ɗaya zai ishe ka zuwa dutsen Pavagadh daga birnin Vadodara na jihar Gujarat a Indiya ka dawo. Zai isa, in ka yi sammako; tafiyar kusan kilomita 50 ce. Mota na hawa har Machi, wani fili a jikin dutsen. Daga nan ko ka shiga motar igiya mai tafiya a rataye a sama, ko ka taka matakala kusan 2,000 zuwa wurin bautar Kalika Mata, abar bautar 'yan Hindu, a ƙololuwar dutsen. Ni dai igiyar zan zaɓa, gwiwa ba ta ƙarya. Ka guji lokacin bikin Navratri, cunkoson 'yan Hindu masu ziyara sai ka rasa wurin taka ƙafa.

In ka sauko, tsaya Champaner, tsohon gari a gindin dutsen, ka ga babban masallacin da aka gina bayan Sarki Mahmud Begada na Gujarat ya ci ganuwar Pavagadh da yaƙi a 1484.