Sai na je ƙasar waje kafin in iya kula da wanda ya sha guba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni sabon likita ne a sashen agajin gaggawa. Da wuya mako ya wuce ba a kawo mana wanda ya sha fiya-fiya ko yaron da ya kurɓi kalanzir ba, ga shi a makaranta darasin guba bai wuce 'yan laccoci ba. Na ji akwai horo na musamman a Amurka. Sai da shi ne mutum zai iya aikin?

Amsa: Wa alaikumus salam, Likita. Abin da ka ji gaskiya ne. Tun 1992 Amurka ta amince da ilimin guba a matsayin fanni na musamman, kuma likita kan yi shekara 2 a kansa bayan ya gama ƙwarewa, galibi a agajin gaggawa. In hali ya yi, ka je. Sai dai wanda za a kawo maka yau da dare ba zai jira dawowarka ba.

Ginshiƙin horon shi ne gane guba daga jikin majinyaci. Dangi kan ɓoye gaskiya saboda kunya, kwalbar kuma sau da yawa ko rubutu babu. Mai fiya-fiya za ka ga baƙin idonsa ya tsuke kamar tsinin allura, yawu na dalala, gumi sharkaf, ƙirji na kurari. Gubar ta toshe sinadarin da ke kashe saƙon jijiya ne, sai saƙon ya yi ta tafiya babu birki, huhu ya cika da ruwa. Ruwan nan ne ke kisa.

A nan ƙananan likitoci suka fi tuntuɓe, don tsoron atropine, allurar da ke busar da ruwan nan. Sai a yi allura ɗaya a koma gefe ana jira. A babban mutum ana farawa da miligiram 1 zuwa 3 ta jijiya, in babu sauyi bayan minti 5 a ninka, a sake ninkawa, har ƙirji ya bushe, bugun zuciya ya haura 80 a minti. Kada ka jira baƙin ido ya buɗe, shi yakan makara. A tuɓe masa tufafin da gubar ta jiƙa, a wanke fatarsa, kai kuma da safar hannu. Ko ya farfaɗo kada ka yi saurin sallama: tsakanin kwana 1 zuwa 4 naman da ke jan numfashi na iya sanyi. Ka riƙa sa shi ya ɗaga kai daga matashi. Ran da ya kasa, numfashi ne ke shirin tafiya.

Kalanzir kuwa, haɗarinsa ya faɗa huhu, shi ya sa ba a sa yaro amai, ba a wanke masa ciki. Manja da madarar da ake ɗurawa a gida, da kyakkyawar niyya ake yi, amma aman da suke jawowa shi ke ɓata lamarin. Ka faɗa wa iyaye haka cikin lallami.

Akwai kuma abin da a nan gida za ka fi koyo. Saran kububuwa, likitocin Kaltungo a jihar Gombe sun fi na Amurka ganinsa nesa ba kusa ba. Gwajin ma ba ya buƙatar na'ura: a zuba jini a busasshiyar kwalbar gilashi, in ya yi minti 20 bai daskare ba, a ba da maganin dafi. Gubar dalma ta Zamfara a 2010, wadda ta samo asali daga niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje, ta kashe yara fiye da 400, kuma da farko an ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau. Saboda haka duk yaron da ya zo da jijjiga, ka tambayi sana'ar gidansu.

Gobe in ka shiga aiki, fara da buɗe kabad ɗin magani ka ƙirga atropine nawa ke ciki. Majinyaci ɗaya na iya cinye kwalba gomomi kafin gari ya waye.