Na raba ɗalibai rukuni-rukuni, amma mutum ɗaya ke yin aikin

Tambaya: Assalamu alaikum Farfesa. Ina koyar da haɗa mutum-mutumi a sashen injiniyan lantarki. An ce mu bar ɗalibai su gina iliminsu tare, sai na raba su biyar-biyar, na ba su Arduino (ƙaramin allon kwamfuta mai sarrafa na'ura), na ce su ƙera mutum-mutumi mai bin baƙin layi. Yaro ɗaya ya yi komai, sauran ko waya ba su taɓa ba. Ko tsarin ne ba ya aiki? Hankalina ya tashi.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Tsarin lafiyarsa ƙalau. Abin da aka sayar muku a bita ne ke da matsala, kuma wallahi na gaji da jin sa: wai malami ya raba rukuni ya koma ofis shan shayi. Vygotsky, masanin yadda yara ke koyo, wanda ya rasu a 1934, bai ce haka ba. Maganarsa a kan tazarar da ke tsakanin abin da ɗalibi zai iya shi kaɗai da abin da zai iya idan wanda ya fi shi sani ya kama masa hannu ce. To idan ka fita daga ɗakin, wa zai kama hannun? A 1976 masana Wood da Bruner da Ross sun kwatanta taimakon malami da katakon da magina ke takawa: sai gini ya tsaya ake cire shi. Kai kuwa ka cire tun ba a sa tubali ba. Ko Jami'ar Aalborg ta Denmak, da ke koyarwa ta aikin rukuni tun 1974, kowane rukuni yana da malami mai kula da shi.

Wani abin ma gaya wa ɗalibai shi ake yi kai tsaye. Ƙafar Arduino, inda ake jona waya, ba ta jure wutar da ta wuce miliamfiya 40. Kada ka jira su jona injin taya a kanta su ƙona allon kafin su "gano".

Amma idan mutum-mutumin ya hau layi yana karkarwa hagu da dama, a nan ka yi shiru da amsa. Tambayi wanda ya fi kowa ɓuya a baya: wace lamba a PID, wato lissafin da ke daidaita tafiyarsa a kan layi, ta yi yawa? Ya canza ta da hannunsa, su gani.

Ka riƙa juya aiki duk mako: mai rubuta umarnin kwamfuta ya koma jona wayoyi. Ranar ba da maki, kowa ya kare aikin da bakinsa, shi kaɗai, minti 5.