Tambaya da Amsa: Barandarmu ta tsufa, ta ina za mu fara gyara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, don Allah ina neman shawara. Gidan da muke ciki ya kwana biyu, barandar da muke shan iska duk simintin ya tsattsage, gindin bango ya yi kore shar ga santsi, kujerun ƙarfe sun yi tsatsa, ginshiƙan rumfar ma na katako ne ƙasansu ya fara baƙi. Maigida ya ce a sayo fenti a shafe komai a huta, ni dai hankalina bai kwanta ba.
Daga wata mai karatu

Amsa: Wa alaikumussalam Hajiya. Ki ba maigida haƙuri ya ajiye zancen fentin nan tukuna, don kusan duk abin da kika lissafa ruwa ne ya jawo shi, in aka shafa fenti a haka damina ɗaya zai ɓaɓɓanye ku koma gidan jiya. Ranar da aka yi ruwan sama ki leƙa bayan ya ɗauke ki ga inda ya kwanta, in ba lokacinsa ba ne ki sheƙa bokiti biyu ki tsaya ki ga ina ya nufa. Daɓe mai kyau yana ɗan gangarawa ne daga jikin bango, kamar santimita 2 a kowace mita, to in kika ga ruwan na komawa wajen bango ko indararo na zubowa daidai gindin ginshiƙi, nan aikin yake.

Tsagar siminti kuma ba duka ce abin tsoro ba. Siririya kamar zare a kankare ta a share ƙura a cike, shi ke nan. Amma wadda ta buɗe ta kai milimita 6, ko gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu har yana tuntuɓe da mutum, wannan ƙasa ce ta zauna ko saiwar bishiya ke turowa, magini za a kira ya fasa wurin ya sake cikon ƙasa ya daddanne, liƙi ba ya riƙe ta. Kuma in an zuba sabo a riƙa jiƙa shi kwana 7, fenti kuwa sai ya yi kwana 28, mutane da yawa a nan gaggawa ke cin su.

Koren nan gansakuka ce. Bilic kashi 1 ruwa kashi 4, ki zuba ki bar shi kamar minti 15 ki dirje da buroshi mai tauri ki ɗauraye sosai, ki kawar da tukwanen fulawa kafin nan. Kar ki kuskura ki haɗa bilic da asid ko wani maganin wanki wai don ya ƙara ƙarfi, iskar da ke tashi guba ce.

Ginshiƙan ne suka fi damuna gaskiya, tunda rumfa a kan mutane take. Ki sa a soka sukundireba a wurin baƙin, in ta shige ba wuya ko garin katako ya zubo, ya ruɓe ko gara ta gama da cikinsa, a canza shi kawai, sabon kuma kar ya taɓa ƙasa, a ɗora shi kan dutsen siminti ko takalmin ƙarfe, wato mazaunin ƙarfe da ke riƙe gindin ginshiƙi. Kujeru kam aikin yini ɗaya ne, buroshin waya, sanfefa, jan fentin nan mai hana tsatsa a ƙasa, sannan kalar da kike so a sama, da safe ko yamma ba cikin tsakar rana ba. Wajen kankare tsohon fenti a rufe hanci a kori yara, wani akwai dalma mai guba a ciki, Amurka ma sai 1978 ta hana shi a gidaje.

Tambaya: Malam intalok ɗin tsakar gidana ya lotsa wuri guda, ciyawa kuma sai fitowa take ta tsakani. Sai na sake duka?
Daga wani mai karatu

Amsa: A'a Alhaji. Ka ciccire na wurin da ya lotsa, ka ƙara yashi ka daddanne ya daidaita, ka mayar da su. Ciyawar ka tuge ta da saiwa, sannan ka share busasshen yashi mai laushi cikin tsakanin har ya cika, rashinsa ne ke sa duwatsun motsi. Ka dai duba ko akwai bututun ruwa da ke yoyo a ƙarƙashi, in akwai zai sake lotsawa.